An Ɗaga Mota, An Bar Jijiyoyinta a Ƙasa

Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda aka ji shi. Mutum ya kai Hilux ɗinsa ko Land Cruiser gareji da safe, da yamma ya karɓo ta ta ƙara tsawo da inci biyu ko uku, an sa mata manyan tayoyi, tana tafe tana ƙasaita. A makon farko giya ta fara fita da kanta idan an hau gargada. A mako na biyu allurar zafi ta fara hawa duk lokacin da aka tsaya a cunkoso. Kafin wata ya cika sitiyari ya soma cijewa, warin mai na tashi daga baya, fitilun gaban direba na ƙyaftawa ba dalili. Sai a koma gareji, a canza famfon ruwa, a wanke lagireto, a sauke giyabos, a sayi sabon batir. Kuɗi su tafi, cuta tana nan. A ƙarshe a yanke hukunci cewa motar ce ta tsufa.

Motar ba ta da laifi. An bar jaki ana dukan taiki ne. Duk waɗannan cututtuka, da suke kama da ba su da dangantaka da juna, asalinsu ɗaya: an ɗaga bodin mota daga kan shasinta, an ɗaure ƙusoshi, an karɓi kuɗi, ba a bi ta kan abubuwan da suka ratsa tsakanin biyun ba. Wanda ya sa tubala ya ɗaure noti ya ce ya gama aiki, rabin aiki ya yi, kuma a cikin rabin da ya bari akwai sitiyari da birki. Wannan ya wuce maganar ado ko ɗanɗano. Magana ce ta ran direba, da na fasinjansa, da na wanda ke tafe a gefen titi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gida biyu a mota ɗaya

Motocin daji irin su Hilux, Land Cruiser, Nissan Patrol da Jeep Wrangler an gina su ne hawa biyu. A ƙasa akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kama da tsani. A kansa ake ɗaure injin, giyabos, tankin mai, aksil, sifirin, akwatin sitiyari da bamba. A sama kuma akwai bodi: ɗakin direba, kujeru, ƙofofi da akwatin kaya. Bodin yana zaune a kan shasi bisa wasu matasai na roba, kowanne da ƙusarsa. Ƙananan motoci da irin su RAV4 ko CR-V ba haka suke ba, bodinsu da shasinsu abu ɗaya ne, don haka ba a yi musu wannan aiki.

Ɗaga bodi, al'adar da ta yi ƙarfi a Amurka da Ostareliya kafin kayanta su bazu a kasuwannin duniya, aiki ne mai sauƙin faɗi. A kwance ƙusoshin, a ɗaga bodin da jak, a cusa tubali na roba mai tauri ko na alminiyom a kan kowane matashi, a mayar da ƙusoshi masu tsawo. Tubalan galibi inci ɗaya ne zuwa uku, wato santimita 2.5 zuwa 7.5. Sauƙin nan shi ne tarkon, domin hawan sama da na ƙasa ba baƙin juna ba ne. Kan sitiyari yana bodi, akwatinsa yana shasi. Tukunyar man birki tana bodi, tayoyin da take tsayarwa suna ƙasa. Lagireto a yawancin waɗannan motoci yana bodi, fankar da ke hura shi tana jikin injin. Bakin zuba mai yana bodi, tanki yana shasi. Sandar giya tana kan giyabos, ramin da take leƙowa ta cikinsa yana daɓen bodi. Injiniyoyin da suka zana motar sun auna tsawon kowace sanda da kowane tiyo da kowace waya bisa tazarar da suka sani, suka bar ɗan rara don jijjiga. Rarar ba ta kai inci uku ba.

Daga nan ƙa'idar bincike ta fito, kuma gajeriya ce: duk matsalar da ta ɓullo bayan an ɗaga bodi, a fara nemanta a kan abin da kansa ɗaya ke bodi, ɗayan kuma ke shasi. Makanikin da ya tsallake wannan ya tafi sauke giyabos, ko dai bai fahimci aikin da ya yi ba, ko kuwa ya fahimta ya ga sauke giyabos ya fi kawo kuɗi.

Me aka saya da wannan tsawo?

Kafin a shiga lissafin ɓarna, ya dace a tambayi ribar. Mai sayar da tubala yakan ce mota za ta daina taɓa ƙasa. Wannan magana yaudara ce. Abin da ya fi kusa da ƙasa a motar daji shi ne ƙullin giyar da ke tsakiyar aksil, wanda makanikai ke kira difaranshal, sai kuma cikin shasi. Tubala ba su ɗaga ko ɗaya daga cikinsu ba. Motar da ke kafewa a kwazazzabo da damina za ta kafe a wuri guda bayan an ɗaga bodinta, sai dai direban ya hango kafewar daga sama.

Amfanin gaskiya ɗaya ne: a samar wa babbar taya wurin juyawa ba tare da ta goge bodi ba. Tayar ce ke ɗaga aksil, kuma da rabin abin da ta ƙaru kawai. Wanda ya tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 33 ya samu inci ɗaya tak a ƙarƙashin difaranshal. Ya kuma samu abin da bai nema ba. Tayar ta fi ta asali girma da kusan kashi 6 cikin 100, don haka idan allurar gudu ta nuna kilomita 100, motar tana kan kusan 106. Taya mai nauyi da faɗin zagaye tana ƙara wa birki aiki, tana rage wa injin kuzari a tashi. Duk wannan saboda inci ɗaya. Akwai wanda hanyar gonarsa ko ta aikinsa ke bukatar wannan inci da gaske, kuma yana da hujja. Amma wanda motarsa ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, shi ake jiye wa garin neman gira a rasa ido.

Sitiyari da birki: inda ba a yafe kuskure

Tsakanin kan sitiyari da akwatinsa akwai sanda mai gaɓoɓi masu juyawa, kuma a jikinta akwai wurin da ƙarfe ɗaya ke zamewa cikin ɗaya bisa haƙora. An yi wannan wuri ne don ya shanye motsin bodi, kuma don sandar ta naɗe idan an yi karo maimakon ta soki ƙirjin direba. Idan bodi ya tashi, tazara ta ƙaru. Mai gaggawa sai ya ja sandar ta miƙe, ya ga ta kai, ya ɗaure. Abin da bai duba ba shi ne haƙora nawa suka rage a riƙe. Sandar da ke riƙe da ɗan bakin haƙori za ta yi aiki a kwalta na watanni, har ranar da shasi ya murɗe a cikin rami, bodi ya ɗan ja baya, ta zare. Daga wannan lokaci sitiyarin da ke hannun direba faranti ne kawai.

Alamun suna zuwa tun kafin ranar. Sitiyari yana cijewa a wuri ɗaya a kowane zagaye, saboda kusurwar gaɓar ta yi tsanani. Ana jin ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin ƙafa idan an hau gargada. Sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Wani lokaci sandar tana gogar bakin ramin da take ratsawa a bangon da ya raba injin da ɗakin direba, ta bar zane mai ƙyalli. Maganin shi ne ƙarin sanda da aka ƙera don wannan mota da wannan tsawo, mai haƙoran da suka dace. Yanke sanda a dasa guntun rodi da walda, kamar yadda wasu ke yi, caca ce da rai, domin babu mai iya ganin cikin walda da ido.

Birki ma haka. Bututun ƙarfe na man birki suna saukowa daga tukunyar da ke jikin bodi zuwa shasi, kuma a motoci da yawa an naɗe su kamar zobe a hanya don su yi lanƙwasa. Ɗaga bodi yana cinye wannan naɗi. Bututun da ya miƙe ƙam kamar tsirkiya yana karɓar kowace jijjiga a bakin mahaɗinsa, ya tsage a hankali. Wanda ya ga danshin mai a mahaɗin bututu, ko ya ji feda tana nitsewa sannu a hankali idan ya danne ta, kada ya ce gobe. Gwajin ba shi da wuya: kowane bututu da kowane tiyo ya zama ana iya ɗan motsa shi da yatsa. Wanda ya ƙi motsi yana ɗauke da nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Wayar birkin hannu kuma idan ta ja, birkin baya yakan riƙa kamawa ko an sauke hannun. Alamarsa zafin tayar baya, ƙauri, da shan mai da ya ƙaru ba gaira ba dalili. Tiyon kuloci yana cikin wannan sahu.

Giyar da ke tsalle, injin da ke zafi

Babu inda ake zaluntar mai mota kamar a maganar giya. Sandar giya tana juyawa ne daga gindinta a kan giyabos. Duk yadda aka yi sama daga gindin, faɗin lilonta yana ƙaruwa. Da aka ɗaga daɓen, ramin ya koma daidai inda sandar ke bukatar fili mai yawa, sai ta riƙa dukan bakin ramin kafin giya ta gama shiga. Shi ya sa giyoyin da ake jawowa baya, ta biyu da ta huɗu da ribas a motoci da yawa, su ne ke fara fita. Giyar ƙafa huɗu kan ƙi shiga 4L sam, ko ta shiga rabi ta fito da ƙara a tsakiyar yashi, daidai lokacin da ake bukatarta. A Jeep Wrangler samfurin TJ, wanda aka yi daga 1997 zuwa 2006, matsalar sananniya ce, domin ƙarfen da ke riƙe sandar giyar ƙafa huɗu a jikin bodi yake ɗaure, ɗaya kan kuma a jikin akwatin giyar. A motoci masu giya otomatik, waya ko sandar da ta ja takan sa harafin da direba ke gani ya saɓa da giyar da ke ciki, har mota ta ƙi tashi a P.

Gwajin minti goma ne. A cire robar da ke rufe gindin sandar, a shiga kowace giya ana kallon bakin ramin. Idan giya ta daina fita da aka cire robar, an gano ɓarawon. A faɗaɗa ramin kaɗan, a gyara zaman robar, ko a sa ƙarin sanda. Wanda aka sauke wa giyabos kafin a yi wannan gwaji, an ci kuɗinsa a banza. Sai dai jinkiri ma yana da farashi: giyar da ta daɗe tana shiga rabi-rabi tana cin haƙoranta, har ƙaryar farko ta zama gaskiya.

Zafin injin shi ma yana da bayani mai sauƙi. Lagireto ya bi bodi ya tashi, fanka ta tsaya tare da injin. Zoben robar da ke kewaye fanka, wanda aikinsa shi ne tilasta iska ta ratsa ta cikin lagireto, yanzu ƙasansa yana karo da fukafukan fanka. Abin da aka saba yi shi ne a yanke ƙasan zoben, ko a cire shi gaba ɗaya a jefar. Ƙara ta ɗauke, kowa ya yi murna. Amma fankar da ba ta da zobe iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba. A babbar hanya ba a ganewa, domin gudu na tura iska. Sai an shiga cunkoso, ko ana jan mota a hankali cikin yashi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, allura ta tashi. Injin da ke zafi a tsaye ya huce a guje, iska yake nema, ba famfon ruwa ba. Gyaran da ya dace shi ne a sauke lagireto da zobensa su koma daidai da fanka bisa ƙarafan da aka yi don haka. Masu Jeep a Amurka sukan bi ta wata hanyar, su ɗaga injin da inci ɗaya don ya bi bodin. Ko ta wace hanya aka bi, sai an duba tiyon ruwa na sama da na ƙasa, da na na'urar sanyaya ɗaki, kada wani ya lanƙwashe ko ya ja.

Ƙananan da ba ƙanana ba

Tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tanki yakan ja har ya kusa zarewa daga maɗaurinsa. Daga nan warin mai ke fitowa, ta nan kuma ƙura da ruwa ke shiga tanki. Ƙaramin tiyon numfashi da ke gefensa idan ya lanƙwashe, sai mai ya riƙa dawowa a gidan mai, a yi ta zargin famfon masu sayarwa.

Akwai kuma wayoyin at, waɗanda ke mayar da wuta daga bodi da injin zuwa batir. Gajeru ne, kuma su ne ake fara tsinkawa ko a kwance a manta. Wuta ba ta haƙura, idan ta rasa hanyarta sai ta nemi wata, ta bi ta wayar totur ko ta birkin hannu. Shi ya sa ake ganin abin al'ajabi: a kunna fitilun gaba allurar zafi ta motsa, a taka birki wata fitila ta kama. Mai gyaran waya da bai san an ɗaga bodi ba zai iya kwana uku yana farauta a inda babu nama.

Mafi ɓoyuwa shi ne tiyon iska. Akwatin matatar iska yana jikin bodi, bakin injin yana ƙasa. Tiyon da ya ja yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Tsagar tana bayan matata, don haka iskar da ke shiga ta nan ba a tace ta ba. A ƙasar da hunturu ke cika sama da ƙura wata da watanni, wannan tsaga tana ciyar da injin gari mai kaifi kullum, tana cin zobban fistin a hankali, har injin ya fara shan baƙin mai da hayaƙi. Mai shi ba zai taɓa danganta wannan da tubalan da aka sa masa bara ba.

Bamba kuma a shasi take, don haka takan tsaya a ƙasa ta bar gibi. Ana ɗaga ta da ƙarin ƙarafa don kyan gani, wanda ba laifi ba ne, muddin an san cewa waɗannan ƙarafa ba su da ƙarfin jan mota. Wanda ya ɗaura igiya a irin wannan bamba don fitar da mota daga laka yana iya ganin bambar ta taso ta nufo gilashin mai jansa.

Tubalan da ƙusoshin kansu

Doguwar ƙusa ba daidai take da gajeriya ba ko da kaurinsu ɗaya. Idan an taka birki da ƙarfi, shasi ya tsaya, bodi da duk abin da ke cikinsa yana son wucewa gaba, ƙusoshin nan ne ke riƙe shi. Tsawon da aka ƙara ya zama kamar ƙotar da ke ƙara wa mai lanƙwasawa ƙarfi. Shi ya sa lambar da ke kan ƙusa take da muhimmanci. Ƙusar da aka buga wa 8.8 ko 10.9 an san ƙarfinta. Wadda kanta ba komai, ko dogon rodi mai zare da aka yanka aka sa wa noti sama da ƙasa, ba ta da wurin zama a ƙarƙashin ɗakin da mutane ke ciki. Tubalin da bai kai faɗin matashin da yake kai ba yana tara nauyi a ɗan wuri, ya tsaga daɓen bodi. Tubalin katako yana shan ruwa ya ruɓe. Guntun bututu da tarin wasa-wasa da aka jera suna zamewa. Araha ba ta ado, balle ta riƙe rai.

Ko da kayan kirki aka yi aiki, tubala sukan zauna bayan tafiyar farko, noti ya saki. Ƙarar ƙiƙi-ƙiƙi daga ƙarƙashin kujera, ko ƙofar da ta fara wuyar rufuwa, alama ce ta cewa bodi yana motsi ko bai zauna daidai ba. Masu ƙera kayan suna umartar a sake ɗaure kowace ƙusa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Makanikin da bai ce wa mai mota ya dawo don wannan ba, bai karanta takardar da ke cikin kwalin ba.

Abin da sifana ba ta gyarawa

Duk abin da aka lissafa yana da magani. Abu ɗaya ne ba shi da shi: mota mai tsawo ta fi saurin kifewa. Hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, NHTSA, ta fara ba motoci maki kan haɗarin kifewa a 2001 bisa lissafi mai sauƙi: a raba faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninkin tsawon cibiyar nauyin mota daga ƙasa. Duk yadda sakamakon ya ragu, kifewa ta matso. A ƙaddara mota mai faɗin santimita 150, cibiyar nauyinta tana santimita 70. Sakamakonta 1.07. Idan babbar taya da tubala suka haɗu suka ɗaga cibiyar da santimita 5, ya sauko zuwa 1.00. A takarda ƙaramin bambanci ne. A kan hanya, shi ne tazarar da ke tsakanin motar da ta zame ta tsaya da wadda ta juya ƙafafu sama.

Kuma waɗannan motoci tun daga masana'anta ba su da rara mai yawa. A 2016 mujallar motoci ta Sweden, Teknikens Värld, ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya ba zato, a gudun kusan kilomita 60, motar ta tashi a kan tayoyi biyu ta kusa kifewa. Wannan mota ce da ba a taɓa ba, a hannun ƙwararren direba, a fili mai kyau. Sai a auna wadda aka ƙara wa inci uku, aka loda wa buhuna da jarkoki har sama da rufi, mutane na zaune a kan kayan, akuya ta ratso titi. Duk abin da aka ɗora wa bodi ya tashi tare da shi. Ba a banza ba ƙa'idojin gyaran mota na Ostareliya, da ake kira VSB 14, suka tsayar da tubalin ɗaga bodi a milimita 50, wato kusan inci biyu, a ƙasar da tuƙin daji ya zama ruwan dare.

Hujjojin masu karewa

Masu wannan sana'a suna da abin cewa, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Ɗaga bodi ya fi ɗaga sifirin araha. Ba ya taɓa kusurwar furofela ko zaman tayoyi. Kuma tun da injin da shasi suna nan a ƙasa, bai kai ɗaga sifirin mai tsawo ɗaya ɗaga cibiyar nauyi ba. Duk an yarda. Inci ɗaya ko biyu, da kayan da aka ƙera don motar, a hannun wanda ya bi kowane tiyo da kowace waya, aiki ne da za a iya karewa. Amma arahar da ake tallatawa ta tubala da ƙusoshi ce kaɗai. Idan aka haɗa ƙarin sandar sitiyari, ƙarafan lagireto, tiyon mai, wayoyin at, gyaran giya da yinin aiki na mai haƙuri, arahar takan ragu ƙwarai. Wanda ya faɗi farashin rabin aiki ya kira shi farashin aiki, ya yi algus.

Sai mai cewa ya yi wa motoci da dama, ba wadda ta dawo. Motar da sandar sitiyarinta ta zare a hanyar daji ba gareji take komawa ba, kuma babu mai zuwa wurin haɗari ya ƙirga haƙoran sanda. A ce tsautsayi ne, a yi addu'a, a wuce. Tsautsayi gaskiya ne, amma tawakkali bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba. Masu motar ma ba su kuɓuta ba. Mutum ya yi ciniki har ya matse makaniki, ya tsaya a kansa yana duba agogo, ya ce yau yake son motarsa, sannan ya yi mamakin an yanke zoben fanka maimakon a sauke lagireto.

Abin da ya wajaba kafin mota ta bar gareji

Wanda ya riga ya ɗaga, kada ya sayi ko da kayan gyara ɗaya kafin a yi wannan zagaye. A ɗaga tayoyin gaba, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, ana saurare ana ji a hannu, a kuma duba yawan haƙoran da ke riƙe da sandar. A bi bututun birki da na kuloci daga tukunya har ƙasa da yatsa. A cire robar giya a shiga kowace giya, har da 4H da 4L. A juya fanka da hannu injin na kashe, a tabbata tana tsakiyar zobenta. A duba tiyon mai, tiyon iska da kowace wayar at. A nemi duk inda ƙarfe ya yi ƙyalli ko roba ta goge, domin gogayya ba ta ɓoye sawunta. Sannan a hau da taya ɗaya kan tudu har shasi ya murɗe, a sake duba komai a haka, domin abin da ya isa a fili yakan gaza a murɗe. Bayan 'yan kwanaki a dawo a sake ɗaure ƙusoshi.

Idan aka yi wannan aka tarar kayan da za su cike gibin ba su samuwa, ko kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihu, akwai gyaran da kullum yake nan, kuma shi ne mafi araha: a zare tubalan, a mayar da bodin inda masu ƙera shi suka ajiye shi. Babu abin kunya a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma motar da ta koma tsawonta na asali tana tsayawa idan an taka birki, tana juyawa inda aka juya ta.